Igwa Takwas da Digiri 40: Sharhi Kan Jiragen Yaƙin Ingila na Rukunin Tribal

Tsakanin 1938 da 1939 rundunar sojan ruwa ta Ingila ta karɓi sababbin jiragen yaƙi 16 na wani rukuni da ta sa wa suna Tribal. Kafin shekarar 1942 ta fita, 12 daga cikinsu sun riga sun kwanta a ƙarƙashin teku. Huɗu kaɗai suka ga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila. Duk da wannan asara, har yau idan masana tarihin yaƙin ruwa suka zo lissafa ƙananan jiragen yaƙin Ingila da suka yi fice, da waɗannan ake farawa. To, ƙirarsu ce ta yi kyau har aka yi ta tura su bakin wuta, ko kuwa akwai wani aibi a jikinsu da ya kashe su? Amsar tana cikin zaɓin da maƙeransu suka yi tun kan takarda, musamman a kan abu guda: iyakar inda bakin igwarsu zai iya ɗagawa sama.

Aikin da aka yi distiroya dominsa

Jirgin da ake kira distiroya ya samo asali ne daga tsoron topido, wato bam mai inji da farfela wanda ke gudu a ƙarƙashin ruwa har ya fasa cikin jirgi. Tun da Robert Whitehead ya ƙera shi a 1866, ɗan ƙaramin kwalekwale mai sauri ya zama abin tsoro ga ƙaton jirgi mai sulke da aka kashe dukiya mai yawa a kansa. Sai Ingila ta fito da jirgin da zai farauci waɗannan kwalekwale, na farkonsu shi ne Havock a 1893. Ba a daɗe ba shi ma mafaraucin aka ɗora masa topido, ya haɗa aiki biyu: ya kare manyan jiragen rundunarsa, ya kuma kai wa na abokan gaba hari.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Ingila ta tsaya a kan ƙira guda, ta yi ta maimaita ta shekara bayan shekara daga rukunin A har zuwa rukunin I. Jirgi mai nauyin tan kusan 1,350, igwa huɗu masu baki milimita 120, bututun topido takwas a yawancinsu. Ƙira ce mai araha, mai jure teku, kuma babban makaminta topido ne. Igwa kariya ce kawai har a isa inda za a saki topido.

Abin da maƙwabta suka ƙera

Japan ce ta fara ruguza wannan lissafi. A 1928 ta fito da rukunin Fubuki: igwa shida masu baki milimita 127 a cikin rufaffun ɗakuna, da bututun topido tara masu faɗin milimita 610. Faransa ta bi da manyan jirage masu igwa biyar na milimita 138, waɗanda ɗayansu, Le Terrible, ya yi gudun da ya haura kilomita 80 a awa a gwajinsa na 1935. Italiya na da rukunin Navigatori mai igwa shida. Jamus kuma, da ta koma ƙera makamai, ta fara da jirage masu nauyin da ya haura tan 2,000 da igwa biyar na milimita 127. Duk tekun da Ingila ta duba, daga Baharum zuwa Gabas Mai Nisa, distiroyarta mai igwa huɗu za ta tarar da wanda ya fi ta wuta.

Ga kuma takunkumin yarjejeniya. Yarjejeniyar Landan ta 1930 ta ce distiroya kada ya wuce tan 1,850, igwarsa kada ta wuce milimita 130. Ta ba Ingila jimillar tan 150,000 na irin waɗannan jirage, amma kashi 16 cikin 100 kaɗai za a iya zubawa a jiragen da suka haura tan 1,500. Idan aka yi lissafi, manyan ba za su wuce 13 ba. Faransa da Italiya ba su sa hannu a wannan sashe ba, shi ya sa suka ƙera abin da suka ga dama. Yarjejeniyar ta kuma rage wa Ingila yawan jiragen kuruza, wato matsakaitan jiragen da ke leƙen asiri da rakiyar jiragen kasuwa. Saboda haka hafsoshin ruwa suka nemi jirgi guda da zai toshe ɓaraka biyu: ya tunkari manyan distiroyoyin waje da igwa, ya kuma ɗauki wani ɓangare na aikin kuruza. Aka ba da kwangilar bakwai na farko a 1936, aka ƙara tara a cikin shekarar, tunda wa'adin takunkumin yana ƙarewa a ƙarshenta.

An sa musu sunayen al'ummomi, yawanci na ƙasashen da Ingila ke mulka ko take hulɗa da su: Afridi, Ashanti, Bedouin, Cossack, Eskimo, Gurkha, Maori, Mashona, Matabele, Mohawk, Nubian, Punjabi, Sikh, Somali, Tartar da Zulu. Ashanti ya ziyarci Takoradi a 1939, a ƙasar da yanzu take Ghana, inda aka miƙa wa ma'aikatansa ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya, kyautar Asantehene Prempeh na Biyu. Daga baya Ostireliya ta ƙera uku a Sydney, Kanada ta mallaki takwas, huɗu ƙirar Ingila, huɗu ƙirar Halifax. Jimilla 27.

Jikin jirgin

Tsawonsa mita 115, faɗinsa mita 11 da ɗoriya. Nauyinsa a takarda tan 1,850 ne ko sama da haka kaɗan, amma idan aka cika shi da mai da harsasai da mutane yakan kai tan 2,500. Tukwanen tururi uku masu ƙona baƙin mai ke ciyar da injinan Parsons guda biyu, su kuma su juya farfela biyu da ƙarfin doki 44,000. Da wannan yakan yi gudun kilomita 67 a awa. Idan ya sassauta zuwa kilomita 28 a awa, man da ke cikinsa, tan 500 da 'yan kai, zai kai shi tafiyar kilomita 10,000 da ɗoriya. A lokacin zaman lafiya mutum 190 ke aiki a cikinsa. Yaƙi ya ƙara yawansu sosai, saboda kowane sabon makami da kowace sabuwar na'ura da masu kula da ita suke zuwa.

Ba shi da sulke. Farantin ƙarfen jikinsa siriri ne, ɓarɓashin bam da ya fashe kusa ma yana iya huda shi. Kariyarsa ita ce gudu da saurin juyawa. Injinan biyu kuma a ɗaki guda suke, tukwanen suna jere a gabansu, don haka bugu ɗaya a tsakiyar jirgin yana iya kashe komai lokaci guda, ya bar shi tsaye cik a kan ruwa. Amurkawa sun fara sarƙa ɗakunan tukwane da na injina a distiroyoyinsu tun kafin su shiga yaƙin, ta yadda rabi zai ci gaba da aiki idan rabi ya mutu, amma wannan yana cin tsawo da nauyi, kuma Ingila ba ta bi hanyar ba sai a ƙarshen yaƙin.

Babbar matsalar mai ƙera jirgi irin wannan ita ce nauyin sama. Duk wanda ya taɓa ganin babbar mota da aka yi wa lodi har ya haura bodi tana shan kwana ya san abin da ake gudu. Kowane tan da aka ɗora a saman jirgi yana rage masa ƙarfin miƙewa idan igiyar ruwa ta karkata shi. Igwa a sama take, topido a sama yake, na'urar saiti a can ƙololuwa take. Tunda yarjejeniya ta ɗaure nauyin duka, duk abin da aka ƙara sai an cire wani. Taura biyu ba ta taunuwa.

Makaman

Abin da aka zaɓa shi ne igwa. Takwas, masu baki milimita 120, an haɗa su bibbiyu a kan gindi huɗu: biyu a gaba, ɗaya na leƙen kan ɗaya, biyu a baya haka nan. Sojojin ruwa suna kiran gindayen da haruffa, A da B a gaba, X da Y a baya. Kowane harsashi nauyinsa kusan kilo 23, yana kai wa nisan kilomita 15 da rabi. Idan duka takwas suka tashi tare, kilo 180 na ƙarfe da nakiya ne ke fita, ninki biyu na abin da tsohon distiroya ke jefawa, kuma ƙwararrun ma'aikata kan maimaita haka sau goma ko fiye a minti guda.

Yana da kyau a tsaya a bayan gindin A a ga yadda aikin yake. Garkuwar ƙarfe ta rufe gaba da gefe da sama, amma bayanta a buɗe yake. Harsashi daban yake zuwa, kwanson tagulla mai albarushi daban. Daga rumbun da ke can ƙasa ake turo su sama, mutane su karɓa da hannu, su miƙa wa na gaba, shi kuma ya aza a kan faranti a bayan igwar, inji ya cusa su ciki, a rufe, a harba, kwanson ya faɗo da zafi a kan daɓe, wani ya ture shi gefe. Duk wannan a kan jirgin da ke tsalle a kan igiyar ruwa, ruwan teku na zubowa ta kan goshinsa. A tekun arewacin Rasha ruwan kan daskare a jikin igwar, sai an bi da guduma da tururi ana ɓamɓarewa. Masu igwar ba su ke saiti da idonsu ba. A saman ɗakin tuƙi akwai hasumiyar saiti da na'urar auna nisa. Su ke aika bayani zuwa wani injin lissafi a cikin jirgin, shi kuma ya aiko wa kowace igwa inda za ta juya da yadda za ta ɗaga, ma'aikaci ya bi allura.

Kuɗin wannan igwa takwas topido ne ya biya. Maimakon bututu takwas, huɗu kaɗai aka bari, masu faɗin milimita 533, a kan gindi guda a tsakiyar jirgin, kuma babu na sake ɗurawa. Don jiragen ƙarƙashin ruwa an sa na'urar Asdik mai aika sauti ta saurari dawowarsa, da bama-baman zurfi kaɗan a baya. Don jiragen sama kuwa akwai bindiga mai baki huɗu ta milimita 40, wadda sojoji ke kira pom-pom, da manyan bindigogi masu sarrafa kansu na milimita 12.7, baki huɗu-huɗu a wuri biyu. Pom-pom ɗin a bayan bututun hayaƙi take, ba ta ganin abin da ke zuwa ta gaba. Ƙananan kuma harsashinsu bai da nisa, bai da nauyin da zai kakkaɓo jirgin sama na ƙarfe.

Me ya sa digiri 40?

Manyan igwogin takwas ba sa ɗaga baki fiye da digiri 40. Wannan ba mantuwa ba ce, an yi muhawara a kai, kuma akwai dalilai.

Na farko na ƙira ne. Igwa idan ta harba tana ja da baya da ƙarfi. Idan bakinta na kallon sama sosai, gindinta ƙasa zai nufa, ya doki daɓen jirgin. Mafita biyu ce: ko a ɗaga maratayin igwar sama, ko a haƙa rami a ƙarƙashinta. Idan aka ɗaga, to lokacin da ake harbin jirgin ruwa, bakin na kwance, wurin ɗura harsashi zai yi wa mutum tsayi, ɗaga kilo 23 zuwa kafaɗa sau goma a minti kuma ba wasa ba ne. Ga ƙarin nauyi a sama. Idan aka haƙa rami, ruwa zai taru a ciki, kuma an raunana daɓen. Igwa mai aiki biyu, sama da ƙasa, tana bukatar gindi mai nauyi da injina masu saurin juyawa. A kan tan 1,850 ba za a samu irinta guda takwas ba.

Na biyu na tunani ne. Hafsoshin Ingila na shekarun 1930 sun ɗauka cewa jiragen sama za su zo ne a jere, a sama can, suna tafiya a miƙe, kuma manyan jirage masu sulke za su nufa. Distiroya yana gefen runduna, nesa da abin da ake hari, don haka zai hango maharan a karkace, digiri 40 ya ishe shi ya taya manya harbi. Shi kansa kuwa ƙarami ne, mai sauri, wa zai ɓata bam a kansa? Injin lissafin harbin sama da aka sa masa ma a kan wannan zato aka gina shi: yana ɗauka cewa jirgin saman ba zai sauya tsayi ko hanya ba.

Lissafi mai sauƙi yana nuna ramin da ke cikin wannan tunani. Jirgin sama da ke tafiya a tsayin mita 3,000, da zarar ya matso kusa da kilomita uku da rabi, ya fita daga inda igwar za ta iya kallo. Daga nan har ya zo kan jirgin babu babbar igwa ko ɗaya da za ta taɓa shi. Jirgin Jamus Ju 87, wanda aka fi sani da Stuka, aikinsa ke nan: ya zo daidai kai, ya kifo kusan a tsaye, ya saki bam a ƙasa-ƙasa. A wannan lokaci igwa takwas ɗin kaya ne kawai.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba Ingila kaɗai ta yi wannan zaɓi ba. Amurka ta ƙera rukunin Porter a daidai wannan zamani, tan 1,850, igwa takwas na milimita 127, su ma ba sa kallon sama. Amma a ƙananan distiroyoyinta, tun daga rukunin Farragut na 1934, ta haƙura da igwa biyar waɗanda ke ɗagawa har digiri 85. Wato hanyar tana nan. Sai dai wanda ya bi ta dole ya rage yawan baki.

Inda suka yi abin da aka ƙera su dominsa

Duk inda faɗan ya kasance jirgi da jirgi, waɗannan jirage sun biya kuɗinsu. A daren 16 ga Fabrairu 1940 Cossack, ƙarƙashin Kyaftin Philip Vian, ya kutsa wani lungun teku a Norway, ya manne da jirgin dakon man Jamus Altmark, sojojinsa suka haura suka kuɓutar da fursunoni 299. A 13 ga Afrilu, a faɗa na biyu na Narvik a Norway, Bedouin, Cossack, Eskimo da Punjabi suna cikin distiroyoyi tara da suka raka babban jirgi Warspite cikin matsattsen ruwa tsakanin duwatsu, kuma a ranar Jamus ta rasa distiroyoyi takwas. Topido ya cire wa Eskimo goshi gaba ɗaya, amma bai nutse ba. Aka ja shi gida aka yi masa sabon goshi, ya koma yaƙi har ƙarshe. Wannan shaida ce ga ƙarfin gangar jikin.

A daren 26 ga Mayu 1941 Cossack, Maori, Sikh da Zulu, tare da jirgin Poland Piorun, suka kwana suna zagaya babban jirgin yaƙin Jamus Bismarck cikin haukan teku, suka hana ma'aikatansa runtsawa har manyan jirage suka iso da safe. A nan ƙarancin topido ya fito fili: wanda ya saki huɗunsa ya gama. Amma a 13 ga Disamba na shekarar, kusa da Cape Bon a gaɓar Tunisiya, huɗun sun wadatar. Sikh da Maori, da distiroyan Ingila Legion, da jirgin Holan Isaac Sweers, suka bi ta jikin gaɓa cikin duhu suka auka wa kuruza biyu na Italiya, Alberico da Barbiano da Alberto di Giussano, waɗanda ke ɗauke da man jirgin sama zuwa Tarabulus. Cikin 'yan mintuna duka biyun suka kama da wuta suka nutse. A 1941 ɗin dai Somali da Tartar suna cikin waɗanda suka kama jiragen hasashen yanayi na Jamus, München da Lauenburg, aka samu takardun sirrin Enigma, na'urar ɓoye saƙonnin Jamus.

Ko a 1944 ƙirar ba ta tsufa ba a irin wannan faɗa. A daren 9 ga Yuni, kwana uku bayan saukar sojojin ƙawance a Normandy, Tartar, Ashanti, Eskimo da na Kanada Haida da Huron suna cikin rundunar da ta tare distiroyoyin Jamus a yammacin mashigin Ingila, ta nutsar da ZH1, ta kora Z32 ya hau duwatsu. Haida ne kaɗai ya rage a duniya cikin 27 ɗin, yana ajiye a Hamilton ta Kanada ana zuwa kallonsa.

Yadda suka mutu

Jerin asarar shi ne hujja mafi ƙarfi. Gurkha ne na farko, a 9 ga Afrilu 1940 a gaɓar Norway: kwamandansa ya fita daga sahu don ya samu yadda igwoginsa za su yi harbi cikin igiyar ruwa, jiragen saman Jamus suka same shi shi kaɗai. Afridi ya bi a 3 ga Mayu, yana dawowa daga kwashe sojoji a Namsos, ɗauke da waɗanda ya tsamo daga jirgin Faransa Bison. Stuka ce ta kashe shi. Mashona, bayan farautar Bismarck, mansa ya yi ƙasa, yana lallaɓawa gida a hankali, jiragen sama suka riske shi a yammacin Ireland a 28 ga Mayu 1941. Maori bam ya same shi a tashar Malta a Fabrairu 1942. Bedouin, a Yuni, igwogin kuruzan Italiya suka tsayar da injinsa, jirgin sama ya ƙarasa shi da topido. Zulu bam ne, a 14 ga Satumba, bayan harin da Ingila ta kai Tobruk a gaɓar Libiya. Shida ke nan, rabin asarar, daga sama.

Uku jiragen ƙarƙashin ruwa ne suka ci su: Cossack a Oktoba 1941, Matabele a Janairu 1942 a hanyar Murmansk, inda mutum biyu kaɗai suka tsira daga ruwan ƙanƙara, da Somali a Satumba 1942. Ashanti ya ɗaura wa Somali igiya ya ja shi kwana huɗu, yana ba shi wutar lantarki ta waya don famfunansa su ci gaba da kwashe ruwa, har guguwa ta taso ta karya shi biyu. Sikh igwogin tudu ne suka harbe shi a Tobruk. Punjabi babban jirgin Ingila King George V ne ya raba shi biyu cikin hazo a 1 ga Mayu 1942. Mohawk kaɗai, a Afrilu 1941, ya mutu a hannun distiroyan abokan gaba, Luca Tarigo na Italiya, shi ma da topido, a daren da rundunarsu ta shafe ayarin Italiya baki ɗaya. Cikin 12, babu ko ɗaya da igwar wani distiroya ta nutsar. Abokin gabar da aka shirya wa bai iya da su ba. Waɗanda ba a shirya wa ba su suka gama da su.

Gyaran da aka yi a guje

Tun bayan Norway aka gane. Aka cire gindin X aka maye shi da igwa biyu masu baki milimita 102 da ke ɗagawa har digiri 80. Aka rage tsawon bututun hayaƙi na baya da sandar baya don a buɗe wa bindigogi fili. Aka kwashe ƙananan bindigogin aka sa bindigogin Oerlikon na milimita 20. Aka ƙara na'urorin rada, na hango jirgin sama, na hango jirgin ruwa cikin dare, na auna nisa, har sai da aka sauya sandar gaba da mai ƙarfi don ta ɗauki nauyinsu. Aka ƙara bama-baman zurfi. Na Kanada da Ostireliya da wannan gyara aka gama su tun daga masana'anta. Jirgin da aka sadaukar da topido don ya samu igwa takwas ya koma mai shida.

Gyaran ya taimaka, amma bai kai abin da Amurka ta samu ba. Rukunin Fletcher, da aka ƙera 175 daga 1942, yana da igwa biyar masu aiki biyu, da na'urar saiti Mark 37 da ke auna saurin jirgin sama da sauyin tsayinsa da kanta, daga 1943 kuma ga harsashi mai ɗan rediyo a kai wanda ke fashewa da ya kusanci jirgi. Sai dai Fletcher an zana shi bayan yarjejeniya ta mutu, ya haura tan 2,000, kuma masu zanensa sun riga sun ga abin da ke faruwa a tekun Turai.

Hukunci

Mai kare waɗannan jirage zai ce yawan asararsu daga yawan aikinsu ne, kuma yana da gaskiya. Su ne distiroyoyi mafi ƙarfi a hannun Ingila a 1940, don haka su aka tura Norway, Malta, Tobruk da hanyar Rasha, wuraren da jiragen saman Jamus da Italiya ke da sansani a kusa, na Ingila kuwa babu. Rukunan J da K da suka biyo bayansu, masu igwa shida da topido goma, su ma sun sha irin wannan kashi a Kirit da Baharum, domin igwarsu ita ma digiri 40 ce. Babu distiroyan kowace ƙasa a 1941 da zai yi kwanaki a ƙarƙashin Stuka ba tare da rakiyar jiragen sama ba ya fita lafiya.

Amma wannan bai wanke zaɓin ba. Hafsoshin sun auna sabon jirginsu da jiragen da maƙwabta ke ƙerawa, baki da baki, milimita da milimita, domin wannan shi ne abin da ake iya ƙirgawa a teburin taro. Jirgin sama kuwa a 1935 yana sauyawa duk shekara, kuma jirgin ruwa da aka zana a lokacin zai yi aiki shekara 20. Suka ɗaure igwar a kan abin da jirgin sama ke iyawa a ranar zanen, ba su bar wa gobe ƙofa ba. Muhawarar da ta cinye lokacinsu, igwa ko topido, ta zama ƙarama: Narvik ta nuna amfanin igwa, Cape Bon ta nuna topido huɗu ma suna kisa. Tambayar da ba a ba nauyinta ba ita ce ta sama.

Rundunar da kanta ta yanke hukunci da abin da ta ƙera daga baya. Rukunin L da M an ɗaga igwarsu zuwa digiri 50, na tsakiyar yaƙi zuwa 55. Rukunin Battle, da aka zana a 1941 zuwa 1942 bayan darasin Norway da Kirit, ya fi Tribal girma da nauyi, amma manyan igwoginsa huɗu ne kacal, duka a gaba, a rufaffun ɗakuna, suna ɗagawa har digiri 80, bayan jirgin kuma an cika shi da bindigogin harbo jiragen sama. Cikin shekara bakwai Ingila ta sauko daga baki takwas zuwa huɗu a kan jirgi mafi girma.